Galamsey da haƙa da lasisi: abin da dokar Ghana ta shimfiɗa wa ƙananan masu haƙar zinariya

A Nima da Maamobi da Kotobabi babu ramin zinariya ko ɗaya, amma da wuya ka zauna a majalisar shayi ta dare ba a ambaci galamsey ba. Wannan ƙanensa ya tafi wajen Tarkwa, wancan ya ba wani abokinsa jari don a sayi injin niƙa, wata kuma mijinta ne ke kai man dizal da buhunan shinkafa wuraren haƙa. Mu da ke koyarwa a makarantun zango mun san yadda kujera ke zama wayam bayan hutu, in ka tambaya a ce yaron ya bi yayansa daji.

Da yawa daga cikin masu wannan hulɗa suna ganin cewa doka ta shafi mai riƙe da shebur ne kaɗai. Tun daga 2019 lamarin ya wuce haka: mai ba da hayar inji, da mai walda da ya ƙera kwale-kwalen haƙa, da mai sayen zinariyar, duk suna iya fuskantar ɗaurin shekara 15 ko fiye. Ga bayanin yadda dokokin suke.

Mene ne bambancin galamsey da ƙaramar haƙa?

Kalmar galamsey, kamar yadda aka fi bayyanawa, ta samo asali ne daga wani furucin Turanci mai ma'anar "tara ka sayar". A yau ana nufin duk haƙar zinariyar da ake yi ba tare da izinin hukuma ba. Makwabta masu amfani da Faransanci suna kiran irinsa orpaillage clandestin.

Ƙaramar haƙa kuwa sana'a ce da doka ta amince da ita. Ana kiyasin cewa kusan mutum miliyan ɗaya ne ke aiki a wannan fanni kai tsaye, masu lasisi da marasa shi, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku na zinariyar da Ghana ke samarwa daga hannunsu take fitowa. Ghana ce kan gaba a Afirka wajen samar da zinariya a 'yan shekarun nan.

Abin da ke raba biyun shi ne takarda da kuma bin sharuɗɗan da ke cikinta. Mutum zai iya samun lasisi amma ya zama mai laifi idan ya fita daga iyakar filinsa, ko ya shiga kogi, ko ya fara aiki kafin izinin muhalli ya fito.

Ƙasa ta sarki ce, zinariya ta gwamnati

Tushen komai yana cikin sashe na 257 na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa ko ƙarƙashin ruwa a Ghana mallakar jamhuriya ne, shugaban ƙasa ke riƙe da shi amana a madadin jama'a. Ma'ana, sarkin gari ko mai gona yana da iko da fuskar ƙasa, amma ba shi da ikon ba wa kowa izinin haƙa. Wanda ya biya sarki kuɗi ya karɓi rasit, rasit ɗin ba zai kare shi a gaban alƙali ba.

An halatta ƙaramar haƙa ne a 1989, zamanin gwamnatin PNDC ta Jerry Rawlings, da dokoki uku da suka fito a jere: ta 217 kan zaiba, ta 218 kan ƙaramar haƙar zinariya, da ta 219 da ta kafa kamfanin gwamnati mai sayen ma'adinai masu daraja, wato PMMC. A 2006 aka haɗa ka'idojin cikin babbar Dokar Ma'adinai da Haƙa mai lamba 703, wadda aka yi wa gyara a 2015 da kuma 2019.

Wa zai iya samun lasisi?

Doka ta 703 ta keɓe ƙaramar haƙa ga 'yan ƙasar Ghana kaɗai, waɗanda suka kai shekara 18, kuma suka yi rajista a ofishin gunduma na Hukumar Ma'adinai. Irin waɗannan ofisoshi suna garuruwa kamar Tarkwa, Dunkwa, Bibiani, Asankrangwa, Akim Oda, Konongo, Wa da Bolgatanga. Filin ba ya wuce eka 25, wato kusan hekta 10, lasisin kuma ba ya wuce shekara 5, sai dai a sabunta.

Wannan sharaɗi na zama ɗan ƙasa yana da muhimmanci ga zango. Bahaushen da aka haifa a Nima, mai riƙe da katin ɗan ƙasa, yana da haƙƙi daidai da kowane ɗan Ghana. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Sakkwato ko Tawa kuwa, 'yancin zirga-zirga bai ba shi damar shiga wannan sana'a ba. Gyaran 2019 ya ƙara da hana baƙi yi wa ƙananan masu haƙa hidimomin aiki. Dabarar nan ta ɗan ƙasa ya karɓi lasisi da sunansa, baƙo ya zuba kuɗi yana juya wurin, tana jefa su biyun cikin laifi.

Izini uku, daga hukumomi uku

Mai nema yana fara kai taswirar filin da ƙwararren mai awon ƙasa ya zana. Ana manna sanarwa a majalisar gunduma na tsawon kwana 21 domin duk mai ƙorafi ya fito. Daga nan sai a nemi takardu uku.

Na farko, izinin muhalli daga hukumar EPA. An kafa ta da Doka ta 490 a 1994, ka'idojin tantance tasirin aiki ga muhalli kuma suka fito a 1999. A farkon 2025 wata sabuwar doka mai lamba 1124 ta sake fasalin hukumar ta ƙara mata ƙarfi. Mai nema zai bayyana yadda zai yi da ruwan wanki, inda zai tara ƙasar da ya kwashe, da yadda zai gyara wurin in ya gama.

Na biyu, lasisin haƙa, wanda ministan filaye da albarkatun ƙasa ke sa wa hannu bisa shawarar Hukumar Ma'adinai. Bayan shi akwai izinin fara aiki daga sashen masu sa ido na hukumar, waɗanda ke duba lafiya da tsaron ma'aikata.

Na uku, izinin amfani da ruwa daga Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da Doka ta 522 a 1996. Ɗiban ruwa daga kogi don wanke ƙasa, ko karkatar da shi, ko tare shi, duk suna buƙatar wannan izini.

Ban da waɗannan, dole mai lasisi ya biya mai gona diyyar amfanin da za a lalata. A yankunan koko wannan shi ne kan gaba wajen jawo rikici, domin bishiyar koko tana ɗaukar shekaru kafin ta fara ba da 'ya'ya, gonar da aka haƙe kuma ba ta komawa yadda take cikin sauƙi.

Kogi da bakin kogi

A nan ne dokar ta fi tsanani, kuma a nan aka fi karya ta. Injin da ake kira changfang, wanda ake ɗorawa a kan kwale-kwalen ƙarfe yana zuƙo yashi daga ƙasan kogi, haramun ne gaba ɗaya. Gyaran 2019, wato Doka ta 995, ya ce ƙera irin wannan abu, ko amfani da shi a cikin kogi ko a gefensa, laifi ne. Babu lasisin da ya halatta shi. Mai walda a Accra ko Kumasi da aka kawo wa kwangilar haɗa shi yana cikin waɗanda dokar ta ambata.

Dalilin tsananin yana bayyane ga duk wanda ya ratsa gadar kogin Pra, ko Ankobra, ko Offin, ko Birim: ruwan ya koma kalar kunun kanwa. A watan Agustan 2024 kamfanin ruwa na Ghana ya sanar cewa ruwan da ke shiga matatar Sekyere Hemang daga kogin Pra ya kai ma'aunin gurɓata 14,000, alhali an gina matatar ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba. Cape Coast da Elmina suka shiga ƙarancin ruwa. Laka mai yawa tana toshe famfuna, tana cinye magungunan tacewa, kuɗin kuma a ƙarshe yana dawowa kan takardar biyan ruwa ta kowa.

Mazauna Accra ma ba su tsira ba. Ruwan birnin yana fitowa ne daga Kpong a kan kogin Volta da kuma madatsar Weija a kan kogin Densu. Densu kuwa daga tsaunukan Atewa yake tasowa, inda Birim da Ayensu ma suke farawa, kuma yanki ne da masu haƙa suka daɗe suna kai wa hari.

Gandun daji

A 2022 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta fitar da wata ka'ida mai lamba 2462 da ta buɗe ƙofar haƙa a gandun dajin gwamnati, har da wuraren da aka keɓe saboda muhimmancin halittunsu, idan shugaban ƙasa ya amince. Ƙungiyoyin kare muhalli da na ƙwadago da malaman jami'a suka yi ca a kanta. A watan Satumban 2024 aka yi zanga-zangar adawa da galamsey a shataletalen 37, tazarar tafiyar ƙafa daga Nima, inda aka kama fiye da mutum 50.

A watan Fabrairun 2025 ministan filaye Emmanuel Armah-Kofi Buah ya shaida wa majalisa cewa gandun daji 44 daga cikin 288 na ƙasar suna fama da masu haƙa ba bisa ka'ida ba. A ƙarshen 2025 aka soke ka'idar ta 2462. Ga ƙaramin mai haƙa dai hukuncin a bayyane yake: gandun daji ba wurin aikinsa ba ne.

Zaiba: ana saye bisa doka, tana kisa a hankali

Zaiba, wadda wasu ke kira makuri, ita ce ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ake zubawa cikin garin dutse ya tattaro ƙwayoyin zinariya. Sai a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen a kan garwashi, zaibar ta tashi sama, zinariyar ta rage. Tururin ba shi da wari kuma ba a ganinsa. Wanda ya daɗe yana shaƙa yakan fara rawar hannu, mantuwa, rashin barci da ciwon ƙoda. Abin da ya shiga ruwa kuma yana rikiɗa ya taru a jikin kifi, ya fi yin illa ga mata masu juna biyu da ƙwaƙwalwar jarirai.

Dokar Ghana ba ta haramta zaiba ga ƙaramin mai haƙa ba. Ta ce ya saya daga dillalin da ke da lasisi, gwargwadon abin da aikinsa ke buƙata. Amma Ghana ta amince a 2017 da yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 aka ba ta sunan garin Japan da gubar zaiba ta nakasa mutanensa tun daga shekarun 1950. Nijar da Najeriya ma suna cikinta. Yarjejeniyar ta ware ayyuka huɗu da ƙasashe suka yi alƙawarin kawar da su: zuba zaiba cikin dutsen da aka niƙa gaba ɗaya ba tare da an fara tace shi ba, ƙona dunƙulen a fili, ƙona shi a cikin unguwannin jama'a, da zuba sinadarin sayanaid a kan ragowar ƙasar da har yanzu ke ɗauke da zaiba.

Na uku ya shafi birni kai tsaye. Zinariyar da ke isowa shagon mai saye takan zo da sauran zaiba a jikinta, kuma da an sa mata wuta sai ta saki. A unguwa mai cunkoso, inda shago ke manne da ɗakin kwana, tururin ba ya tsayawa a bakin ƙofa.

Akwai hanyoyin rage illar. Ɗaya ita ce rufaffiyar tukunyar ƙonawa mai bututu, wadda ke sanyaya tururin ta mayar da shi ruwa a sake amfani da shi. Wata kuma ita ce murhun narkarwa da masana a Jami'ar Ma'adinai da Fasaha ta Tarkwa suka ƙirƙiro, mai suna sika bukyia, wato murhun zinariya a harshen Twi, wanda ke fitar da zinariya ba tare da zaiba ba.

Rami, nakiya da yara

Mai lasisi yana da alhakin cike ramukan da ya gama da su, ya mayar da ƙasar sama ya dasa itatuwa. Ramin da aka bari yana cika da ruwan sama, ya zama tarkon yara da dabbobi da kuma gidan sauro. Amfani da nakiya sai da rubutaccen izinin minista. Ka'idojin 2020 kuma sun wajabta yi wa manyan motocin haƙa rajista da sa musu na'urar da ke nuna inda suke.

Dokar Yara ta 1998 ta sa haƙar ma'adinai cikin ayyuka masu haɗari da ba a yarda wanda bai kai shekara 18 ya yi ba. Haɗarin kuma ba na masu shiga rami ne kaɗai ba. A watan Nuwamban 2009 rami ya rufta a Dompoase ya kashe mutum 18, yawancinsu mata masu ɗaukar ƙasa a kai.

Hukunci

A ƙarƙashin Doka ta 995, ɗan Ghana da aka samu da laifin haƙa ba lasisi zai sha ɗaurin shekara 15 zuwa 25, tare da tara. Baƙo kuwa shekara 20 zuwa 25, kuma in ya gama a mayar da shi ƙasarsu. Saye ko sayar da ma'adini ba lasisi, da samar da motar haƙa ko wani inji ga aikin da ya saɓa wa doka, duk suna ɗauke da hukuncin shekara 15 zuwa 25. Kayan aikin da aka kama kotu na iya mallaka wa gwamnati.

Wasu sukan kawo misalin 'yar China En Huang, wadda aka fi sani da Aisha Huang, da kotu a Accra ta ɗaure shekara huɗu da rabi a watan Disamban 2023, su ce ai hukuncin ba shi da tsanani. An yi mata shari'a ne da tsohuwar doka saboda laifukan sun faru kafin gyaran 2019. Wanda aka kama yau ba zai samu wannan sauƙi ba.

Sayen zinariya ya koma hannu ɗaya

A 2025 gwamnatin John Dramani Mahama ta kafa hukumar GoldBod da Doka ta 1140, ta maye gurbin PMMC. Ita kaɗai ke da ikon saye, tantancewa da fitar da zinariyar ƙananan masu haƙa zuwa waje. An umarci baƙi su fice daga kasuwar cikin gida zuwa 30 ga Afrilun 2025. Ɗan kasuwar zango da ke son wannan harka sai ya nemi lasisin GoldBod, domin tsoffin takardun PMMC sun daina aiki.

Me ya sa har yanzu ake yi?

Ba rashin yunƙuri ba ne. A 2013 an kori fiye da 'yan China 4,500. A 2017 aka dakatar da ƙaramar haƙa baki ɗaya, har da ta masu lasisi, sai a Disamban 2018 aka ɗage, aka kuma tura rundunar sojoji da 'yan sanda ta Operation Vanguard. A 2021 sojoji suka riƙa ƙona motocin haƙa a bakin koguna. A 2025 aka kafa sakatariyar NAIMOS da masu gadin koguna. A ranar 6 ga Agustan 2025 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da mutum takwas, ciki har da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed da ministan tsaro Edward Omane Boamah, suna kan hanyar Obuasi don ƙaddamar da shirin haƙa na ƙungiyoyin haɗin gwiwa.

Abubuwan da ke kayar da dokar sanannu ne. Farashin zinariya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Matasa ba su da aikin da zai biya kusa da abin da rami ke bayarwa. Neman lasisi yana cin lokaci da kuɗin zirga-zirga zuwa Accra. Filaye masu albarka da yawa suna hannun manyan kamfanoni, kuma ba a cika yi wa ƙananan masu haƙa binciken ƙasa ba, don haka mutum na iya kashe kuɗi ya samu eka 25 da babu komai a cikinta. Sannan akwai zargin da manyan jam'iyyun biyu ke yi wa juna cewa masu faɗa a ji na da hannu a ciki.

Abin da ƙasar Hausa ta gani

Masu karatu a Najeriya da Nijar ba baƙin wannan labari ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A watan Nuwamban 2021 rami ya rufta a Ɗan Isa, jihar Maraɗi, ya kashe aƙalla mutum 18. A wuraren biyu, ka'idojin da aka yi watsi da su masu sauƙin faɗi ne: a raba wurin aiki da wurin kwana, a kuma tokare rami.

Kafin a zuba jari ko a bar yaro ya tafi

Wanda aka kawo wa tayin shiga harkar zinariya yana da abubuwan da zai iya tambaya. A nuna masa lasisin da minista ya sa wa hannu, ya duba sunan da ke kai da ranar ƙarewa. A nuna masa izinin EPA da na ruwa. Ya tabbatar wurin da ake aikin shi ne wanda ke kan taswira, kuma ba a cikin kogi ko gandun daji yake ba. Ya san wa ake sayar wa zinariyar, kuma ko mai sayen yana da lasisin GoldBod. Ofishin gunduma na Hukumar Ma'adinai zai iya tabbatar da ko lasisi na gaske ne. Idan amsar da ya samu ita ce "mun gama da sarki" ko "muna da mutum a sama", to ya san cewa wannan galamsey ne, kuma dokar ta ambaci har wanda ya kawo inji ko ya sayi abin da aka haƙo.